Cecil Rhodes: Attajirin lu'ulu'u da ya haɗa kamfani, majalisa da ƙasa a hannu ɗaya

A ranar 18 ga Yulin 1889 aka rubuta wani cek na fam 5,338,650 a garin Kimberley da ke Afirka ta Kudu. Kuɗin sayen kadarorin kamfanin Kimberley Central ne, kamfani na ƙarshe mai ƙarfi da ya rage yana gogayya da De Beers a harkar haƙar lu'ulu'u. Mutumin da ya kitsa cinikin, Cecil John Rhodes, yana da shekara 36 a lokacin. Bayan shekara guda ya zama Firaministan Cape. Bayan shekara shida aka raɗa wa wata ƙasa da ta fi Ingila faɗi nesa ba kusa ba sunansa. Bayan kimanin wata takwas kuma da raɗin sunan ya sauka daga mulki cikin kunya, bai sake komawa kan kujerar ba har ya bar duniya.

An haife shi ranar 5 ga Yulin 1853 a Bishop's Stortford, wani ƙaramin gari a Ingila, inda mahaifinsa yake limamin coci. Gidan na masu rufin asiri ne, 'ya'ya kuma da yawa. Yaron bai cika lafiya ba, don haka a 1870, yana ɗan shekara 17, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Natal wurin wansa Herbert, wanda ke gwada noman auduga a kwarin Umkomazi. Audugar ba ta yi albarka ba. A watan Oktoban 1871 ya ɗora kayansa a keken shanu ya bi wansa zuwa filin da duniya ta fara rububi a kai, wata gona ta 'yan'uwa biyu Turawan Boer masu suna De Beer. Sun sayar da ita kan fam dubu shida da 'yan kai sun ƙara gaba, ba su bar komai a wurin ba sai sunansu.

Abin da Rhodes ya tarar a Kimberley hayaniya ce. An yanka ƙasar ƙanana-ƙanana, kowane yanki ƙafa 31 tsawo da faɗi, dubban mutane na tono kafaɗa da kafaɗa, baƙaƙen lebura na ɗaukar ƙasa a guga. Yayin da ramukan suka yi zurfi, sai ganuwar da ke tsakaninsu ta riƙa ruftawa, ruwa kuma ya riƙa cika su. Ƙaramin mai haƙa ba shi da kuɗin injin, ga shi ƙasa mai ruwan ɗorawa mai laushi ta sama ta ƙare an iske wata shuɗiya mai tauri, da yawa suka ɗauka arzikin ya ƙare ke nan. Rhodes da abokin cinikinsa Charles Rudd suka karɓi kwangilar zuƙe ruwa daga ramuka, suka sayar da ƙanƙara ga masu fama da zafi, ribar kuma suka riƙa sayen filayen waɗanda suka karaya. A 1880 suka kafa kamfanin De Beers.

A tsakanin nan yana kai da komo zuwa Jami'ar Oxford. Ya shiga kwalejin Oriel a 1873, amma sai 1881 ya karɓi digiri, domin zango ɗaya yana aji, na gaba yana bakin rami. Ba a san shi da ƙoƙarin karatu ba. Abin da ya kwaso daga can aƙida ce. A 1877 ya rubuta wata takarda da ya bayyana imaninsa cewa Ingilishi su ne mafifitan jinsi, kuma duk ƙasar da suka mallaka alheri ne ga duniya. A wasiyyar da ya rubuta a shekarar, lokacin da dukiyarsa ba ta taka kara ta karya ba, ya ce a yi amfani da ita wajen kafa ƙungiyar asiri da za ta shimfiɗa mulkin Birtaniya a kan Afirka baki ɗaya da wasu sassan duniya, har ma a maido da Amurka cikin daular. Mafarkin yarinta ne, sai dai mai mafarkin bai taɓa farkawa daga shi ba, kuma ya sami kuɗin da zai gwada shi a kan mutane.

Darasin Kimberley

Lissafin Rhodes a kan lu'ulu'u mai sauƙi ne. Dutse ne na ado, darajarsa tana cikin ƙarancinsa. Muddin masu haƙa da yawa na tururuwar kai shi kasuwa, farashi zai yi ta faɗuwa. Maganin shi ne hannu ɗaya ya riƙe ramukan duka, ya ƙayyade abin da zai fita. Wanda ya tsaya masa a gaba shi ne Barney Barnato, Bayahude ɗan talakawan gabashin Landan, wanda ya zo Afirka yana wasan dambe da barkwanci kafin ya mallaki Kimberley Central. Rhodes ya sami goyon bayan Alfred Beit, gwanin lissafi ɗan Hamburg, da kuɗin gidan Rothschild na Landan, suka shiga sayen hannun jarin kamfanin Barnato a kasuwa ko nawa ya kai.

Amma ba kuɗi kaɗai ya gama maganar ba. Rhodes ya lura da abin da Barnato ke ƙishirwa: mutunci a idon Turawan da ke raina asalinsa. Sai ya buɗe masa ƙofar kulob ɗin manyan Kimberley, ya ba shi kujerar darakta ta har mutuwa, ya kuma mara masa baya ya shiga majalisar Cape. A watan Maris na 1888 aka kafa De Beers Consolidated Mines. Takardar kafa kamfanin ta ba shi damar abubuwan da ba su da alaƙa da haƙar dutse, har da mallakar ƙasashe da gudanar da mulkinsu. Wasu masu hannun jari a Kimberley Central suka kai ƙara, kotu ta ce haɗewar ba ta halatta ba tunda manufofin kamfanonin biyu sun sha bamban. Sai aka rushe Kimberley Central aka saye kadarorinsa, abin da ya haifar da wancan cek. Zuwa 1891 kusan kashi 90 cikin 100 na lu'ulu'un da ake haƙowa a duniya yana hannun De Beers.

Daga nan Rhodes ya fita da yaƙinin da ya bi shi har kabari, wato kowane mutum akwai abin da za a ba shi ya kauce daga hanya, aikin kawai a gano abin.

Waɗanda ba a tambayi farashinsu ba su ne masu tonon. Tun daga tsakiyar shekarun 1880 kamfanonin Kimberley suka fara killace baƙaƙen lebura a sansanonin da aka kewaye da katanga. Mutum ya shiga ba ya fita sai kwangilarsa ta ƙare, abincinsa daga kantin kamfani, kuma kafin a sallame shi sai an tsare shi kwanaki ana binciken jikinsa da bayan gidansa ko ya haɗiye dutse. De Beers har fursunoni ta riƙa karɓa daga gwamnati suna yi mata aiki. Turawan ma'aikata sun ƙi yarda a yi musu irin wannan killacewa, aka ƙyale su. Da haɗewar ta kammala aka rage haƙa, farashi ya tashi, ma'aikata da dama baƙi da fari suka rasa abin yi. Tsarin sansanin nan da takardar izinin yawo su ne daga baya suka bazu zuwa mahaƙan zinari, suka daɗe fiye da wanda ya ƙarfafa su.

A zinari kam Rhodes ya makara. Lokacin da aka gano shi a Witwatersrand a 1886, cikin jamhuriyar Boer ta Transvaal, ya je ya duba, amma ya baro wurin ya koma Kimberley ya zauna a gefen gadon amininsa Neville Pickering, wanda ke jinyar ajali. Ya kafa kamfanin Gold Fields da Rudd a 1887, kamfanin ya kawo masa kuɗi masu yawa, sai dai bai taɓa riƙe zinari yadda ya riƙe lu'ulu'u ba. Wannan giɓi ne ya juya fuskarsa arewa, inda ake rade-radin akwai wani zinarin da ya fi na Transvaal.

Takardar Lobengula

Ƙasar da ke tsakanin kogin Limpopo da Zambezi tana ƙarƙashin ikon Lobengula, sarkin Ndebele, ɗan Mzilikazi, wanda ke zaune a Bulawayo. Turawa masu neman izinin haƙa sun yi masa zobe, yana ta jan su da dabara. A 1888 Rhodes ya tura Rudd da mutum biyu. Bayan makonni na zaman fada, ranar 30 ga Oktoba sarki ya sa hannu a takarda. Abin da za a ba shi: fam 100 duk wata, bindigogi 1,000 ƙirar Martini-Henry, harsasai 100,000, da jirgin ruwa mai injin a kan Zambezi ko fam 500 a madadinsa. Abin da ya bayar a rubuce: ikon dukan ma'adinan ƙasarsa, da damar yin duk abin da ake ganin ya wajaba don samo su.

Lobengula bai iya karatu ba. Ta bakin tafinta, ɗan mishan Charles Helm, an yi masa alkawarin cewa Turawan da za su zo tono ba za su wuce goma ba, kuma za su bi dokokinsa. Ba a rubuta wannan a takardar ba. Da wasu Turawan suka fayyace masa abin da ya sa wa hannu, sai ya soke yarjejeniyar, ya tura manyan fadawansa biyu har Ingila wurin Sarauniya Victoria, ya kuma sa aka kashe bafadensa Lotshe, wanda ya ba shi shawarar amincewa, tare da iyalinsa. Wata wasiƙarsa ta sokewa ta isa Landan bayan an gama komai.

Domin Rhodes ya riga shi isa, da irin makamin da ya ci Barnato. Masu takardun izini na hamayya ya saye su ko ya haɗe da su. Ya ba jam'iyyar 'yan Ireland ta Parnell gudummawar fam 10,000. Ya ɗora manyan masu sarauta a kujerun darakta, ciki har da Duke na Fife, surukin Yarima mai jiran gado. Ranar 29 ga Oktoban 1889 kamfaninsa na British South Africa ya karɓi takardar izini ta Sarauniya, wadda ta ba shi damar kafa 'yan sanda, yin dokoki da ƙulla yarjejeniyoyi. Wanda ya san tarihin kamfanin Royal Niger na George Goldie, da ya karɓi irin wannan takarda a 1886, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Dabara ce ta gwamnatin da ke son ƙasa amma ba ta son kashe kuɗin baitulmali.

A 1890 ayarin 'yan kama-wuri-zauna da 'yan sandan kamfani ya kewaye Bulawayo ya shiga ƙasar Shona, ya kafa tuta a watan Satumba a inda aka kira Fort Salisbury, wato Harare ta yau. An yi wa kowane ɗaya alkawarin eka 3,000 da filayen haƙar zinari 15. Takardar Rudd ta yi maganar ma'adinai ne, ba ta ambaci gona ko taku ɗaya ba.

Firaminista

Tun 1881 Rhodes yake zaune a majalisar Cape a matsayin wakilin Barkly West, mazaɓar da ya riƙe har rasuwarsa. Ba gwanin magana ba ne, muryarsa kan siranta idan ya harzuƙa, tufafinsa kuma kullum a yamutse. Amma ya karanci majalisar da kyau. Ya gane babu mai mulkin Cape sai da ƙungiyar Afrikaner Bond ta manoma 'yan asalin Holan, ƙarƙashin Jan Hofmeyr. Ɗan Ingila mai mafarkin daula ya zama abokin manoman da ke ɗari-ɗari da daular. Ya goyi bayan harajin da ke kare amfanin gonarsu, ya kawo ƙwararru kan cututtukan inabi da dabbobi, ya kuma raba wa 'yan majalisa da dama hannun jarin kamfaninsa a farashi mai rahusa. A watan Yulin 1890 ya zama Firaminista, ba tare da ya ajiye shugabancin De Beers ko na kamfanin arewa ba. Mutum ɗaya ke neman izini, shi ke ba da shawarar a bayar, shi ke cin riba.

Dokokin zamaninsa sun nuna wa ya biya kuɗin wannan abota. Cape ta gaji tsarin zaɓe da bai dubi launin fata ba, duk namijin da ke da kadarar fam 25 yana da ƙuri'a, kuma baƙaƙe masu ƙuri'a suna ƙaruwa. Dokar 1892 ta ɗaga ma'aunin zuwa fam 75, ta ƙara da sharaɗin iya rubutu. Ba a ambaci fata ba, amma kowa ya san wanda aka nufa. Kafin nan ya jefa ƙuri'ar goyon bayan wani ƙudiri da zai halatta yi wa baƙin bara bulala, ƙudirin da bai tsallake ba. A 1894 ya kawo dokar Glen Grey da kansa: kowane magidanci ƙaramar gona guda wadda ba a rabawa tsakanin magada, ga harajin sule 10 a kan duk namijin da bai fita ya yi aikin ƙodago a wajen gundumarsa ba. Bai ɓoye manufar ba. Ramuka da gonakin Turawa na buƙatar hannaye, dokar kuma ita za ta koro su daga gida.

A 1893 ta bayyana cewa ministansa James Sivewright ya ba abokinsa kwangilar sayar da abinci a tashoshin jirgin ƙasa ba tare da an yi takara ba. Ministoci uku, Merriman da Sauer da Rose Innes, suka ce ba za su zauna da shi ba. Rhodes ya rushe majalisar ministocin ya kafa sabuwa, babu mai laifin, babu kuma waɗanda suka tona. Marubuciya Olive Schreiner, wadda ta taɓa ganin girmansa, ta juya masa baya a waɗannan shekaru.

A arewa kuwa zinarin da aka yi alkawari bai bayyana ba, hannun jarin kamfani na tangal-tangal. Ido ya koma kan ƙasar Ndebele da shanunta. A watan Yulin 1893 mayaƙan Lobengula suka kai farmaki kan wasu Shona kusa da Fort Victoria, sai Dakta Leander Starr Jameson, likita kuma aminin Rhodes da ke riƙe da mulkin yankin, ya sami dalilin da yake nema. An ɗauki 'yan sa-kai da alkawarin eka 6,000 kowanne, da filayen zinari, da kaso a ganima. A Shangani da Bembesi bindigar Maxim mai aman harsasai ta karkashe mayaƙan Ndebele kafin su iso kusa da masu, yayin da Turawan da suka mutu ba su taka kara sun karya ba. Lobengula ya sa wa Bulawayo wuta ya nufi arewa. A hanya ya aika da jakar zinari da saƙon neman sulhu, wasu sojoji biyu suka ɓoye kuɗin suka danne saƙon. Ya rasu a farkon 1894. Aka rabe shanu da gonaki, aka ware wa Ndebele busassun yankunan Gwai da Shangani. A 1895 ƙasar ta zama Rhodesia a hukumance, Rhodes kuma ya shiga majalisar mashawartan Sarauniya.

Wanda ya ƙi sayuwa

Saura Paul Kruger, dattijon shugaban Transvaal, mai zinarin da ya mai da jamhuriyarsa mafi arziki a kudancin Afirka. Ba ya son hannun jari, ba ya son kulob, ba ya neman yabon Landan. Rhodes ya rasa ta inda zai kama shi, sai ya koma ga ƙarfi. Baƙin Turawa da suka cika Johannesburg suna ƙorafin ana karɓar harajinsu ana hana su ƙuri'a. Aka shirya su yi bore da makaman da aka shigar a ɓoye, Jameson kuma ya jira a kan iyaka da dakarun kamfani, ya shigo da sunan ceto. Sakataren mulkin mallaka Joseph Chamberlain ya ba kamfanin wani zirin ƙasa a Bechuanaland, inda aka girke dakarun a Pitsani.

Attajiran Johannesburg suka yi ta jan ƙafa, suna gardama kan tutar da za a kafa idan an yi nasara, suka nemi a ɗage. Jameson ya ƙosa. Ranar 29 ga Disamban 1895 ya tsallaka iyaka da mutum wajen 500. Babu wanda ya yi bore. Boer suka bi shi suka yi masa ƙawanya, ranar 2 ga Janairun 1896 ya miƙa wuya a Doornkop. Firaministan wata ƙasa ya shirya kifar da gwamnatin maƙwabciyarsa da sojojin kamfaninsa, kuma asiri ya tonu. Hofmeyr ya yanke hulɗa da shi, cikin kwanaki kaɗan ya ajiye mulki. Wansa Frank na cikin mutum huɗu da kotun Pretoria ta yanke wa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi tarar fam 25,000 kowanne. Jameson ya sami wata 15 a kurkukun Ingila.

Akwai wani reshe na labarin da ya taɓo Najeriya. Editar harkokin mulkin mallaka ta jaridar The Times, Flora Shaw, ta san da shirin, ta kuma yi musayar saƙonnin tangaraho da Rhodes kafin harin, abin da ya sa kwamitin majalisar Birtaniya ya kira ta ba da bahasi a 1897. A watan Janairun shekarar ne ta ba da shawara a jaridar cewa a kira yankunan kamfanin Royal Niger da suna Najeriya. A 1902 ta auri Frederick Lugard.

Kwamitin ya ɗora wa Rhodes laifi, ya wanke Chamberlain, bai kuma matsa a fito da wasu saƙonnin da lauyan Rhodes ya riƙe ba. Ba a gurfanar da shi ba, ba a ƙwace takardar izinin kamfaninsa ba. Abin lura shi ne laifin da ya kayar da shi. Yaudarar Lobengula da kwashe ƙasar Ndebele sun jawo masa suna da muƙami. Kwana biyar na kutse cikin ƙasar wasu Turawa su suka raba shi da kujera. Mutanen Bechuanaland ne suka tsira a dalilin haka: sarakunansu uku, Khama da Sebele da Bathoen, sun je Landan a 1895 suna roƙon kada a miƙa ƙasarsu ga kamfanin, bayan harin kuma maganar miƙawar ta mutu. Ita ce Botswana ta yau.

Kama Jameson ya bar Rhodesia babu 'yan sanda. Ga fari, ga fara, ga ciwon bushiya da ya ƙarar da sauran shanu, ga harajin bukka da aikin tilas. A watan Maris na 1896 Ndebele suka tashi, a watan Yuni Shona suka bi, aka kashe ɗaruruwan Turawa. Ramuwar ta yi muni: an ƙone garuruwa da rumbuna, an fasa kogunan dutse da nakiya da mutane a ciki. Da Ndebele suka ja daga a duwatsun Matobo, yaƙin ya fara cinye kuɗin kamfani, sai Rhodes ya shiga duwatsun ranar 21 ga Agusta da mutane ƙalilan, ya zauna da shugabanninsu, ya yi makonni yana sauraron kokensu. Masoyansa na kawo wannan a matsayin ranar da ya fi nuna jarumta, kuma jarumtar gaskiya ce. Sai dai sulhun irin nasa ne: albashi da muƙami ga shugabanni, ƙasar kuwa tana hannun waɗanda suka ƙwace. Shona ba su sami ko wannan ba. An murƙushe su, aka rataye jagororinsu na addini Nehanda da Kaguvi a 1898.

Sauran shekarunsa na ciwon zuciya ne da neman dawowa. Ya ga layin dogo ya isa Bulawayo a 1897, wani yanki na burinsa na haɗa Cape da Alƙahira. Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1899. Da yaƙin Boer ya ɓarke a watan Oktoban shekarar, yaƙin da harin Jameson ya share wa fage, sai ya shige Kimberley, ya zauna cikin ƙawanyar kwana 124. Ma'aikatan De Beers sun ƙera babbar igwa, an ɓoye mata da yara a cikin ramuka, shi kuma ya yi ta rigima da kwamandan soja Kanar Kekewich kamar garin nasa ne. Watanninsa na ƙarshe sun tafi a shari'ar wata gimbiya 'yar Poland, Catherine Radziwill, wadda ta ƙirƙiri sa hannunsa a takardun bashi. Ya rasu ranar 26 ga Maris na 1902 a wani ɗan ƙaramin gida a Muizenberg, bakin teku, yana da shekara 48. Bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba. Kamfanin da ya ci ƙasa da sunan zinari bai raba wa masu hannun jari ko sisin riba ba duk tsawon rayuwarsa.

Wasiyyarsa ta ƙarshe ta bar gidansa na Groote Schuur ga shugabannin ƙasar, fam 100,000 ga kwalejin Oriel, mafi yawan dukiyar kuma ga tallafin karatu a Oxford domin samari daga ƙasashen daular da Amurka da Jamus. Ƙungiyar asirin nan ta yarinta ce ta rikiɗe ta zama haka. Baƙar fata na farko da ya samu shi ne Ba'amurke Alain Locke a 1907, mata kuma sai 1977. Arewacin Rhodesia ya zama Zambiya a 1964, Kudancin ya zama Zimbabuwe a 1980. Ranar 9 ga Afrilun 2015, bayan zanga-zangar ɗalibai, aka sauke mutum-mutuminsa daga harabar Jami'ar Cape Town.

Kabarin dai yana inda ya zaɓa. An ɗauki gawarsa a jirgin ƙasa daga Cape Town zuwa Bulawayo, aka binne shi ranar 10 ga Afrilun 1902 a kan wani falalen dutse a Matobo, wurin da Ndebele ke kira Malindidzimu suke kuma girmamawa a matsayin mazaunin ruhohin magabata, cikin duwatsun da Mzilikazi ke kwance. Shugabannin Ndebele da suka halarta sun roƙi kada a harba bindiga a wurin, aka bi maganarsu. An sha kiran a tone ƙasusuwan a mayar Ingila, gwamnatin Zimbabuwe ba ta yi ba, masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi su hau su gani. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai kabarin Jameson, wanda bayan fitowarsa daga kurkuku ya zama Firaministan Cape a 1904, aka kuma kawo gawarsa kusa da ta amininsa a 1920.